Wa Ke Yanka Mazaɓa? Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗan Majalisa, Hukumar Zaɓe da Iyakoki

Tun da aka kai amfanin gona gida aka samu sukuni, hirar majalisarmu ta bayan la'asar ta koma kan siyasa. Abin da ya tayar da jijiyar wuya shi ne maganar wani mai neman kujera da ya zo garin nan, ya ce in aka zaɓe shi zai "yanko mana mazaɓarmu". Rabin masu zama a gindin darbejiyar suka ce zai iya, rabi suka ce romon baka ne. Da yake ni ne tsohon malamin makarantar da ke cikinsu, kuma na taɓa aikin zaɓe na wucin gadi, sai aka jibgo mini tambayoyin. Ga su yadda aka yi su, da wasu da aka tare ni da su a kasuwa da gidan suna. Mu nan ƙasar Kazaure muke, bakin iyakar Jigawa da Kano, shi ya sa misalan suka ratsa jihohin biyu.

Malam, gaskiya tsakani da Allah, ɗan majalisa zai iya yanka mana sabuwar mazaɓa?

Shi kaɗai, a'a. Ko majalisar gaba ɗaya ba ita ke riƙe da igiyar awo ba. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 71, hukumar zaɓe ta ƙasa, wato INEC, ya ɗora wa aikin raba kowace jiha gida uku domin sanatoci, da raba ƙasar nan mazaɓu 360 domin Majalisar Wakilai. Sashe na 112 ya ba ta irin wannan aiki kan kujerun majalisar jiha. To ina ɗan majalisa ya shigo? A ƙarshe. Sashe na 74 da na 115 sun ce in INEC ta sauya iyaka, sauyin ba zai fara aiki ba sai majalisar tarayya ta amince, kuma sai wa'adin majalisar da ke ci ya ƙare.

Kamar rabon gona ne. Akwai mai jan igiya yana kafa turaku, akwai dattawan da za su ce mun yarda ko ba mu yarda ba. Ɗan majalisa yana cikin dattawan. Zai iya roƙon mai igiya ya fito, zai iya hana ruwa gudu in an gama awo, amma ba shi ke kafa turken ba.

Ku 'yan boko kuna cewa mazaɓa a nan, mazaɓa a can. Wace mazaɓar ake nufi?

Baba, laifin ba na boko ba ne kaɗai, kalmar ce muka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta. Akwai mazaɓar kansila, wadda Kano ke da 484, Jigawa 287, ƙasa baki ɗaya 8,809 a lissafin INEC. Akwai mazaɓar ɗan majalisar jiha: Kano 40, Jigawa 30. Akwai ta ɗan majalisar tarayya: Kano 24, Jigawa 11. Sai ta sanata, uku-uku a kowace jiha, da ɗaya a Abuja, suka zama 109. Sannan ga rumfar zaɓe, wadda muke ce wa akwati. Duk wanda ya yi muku alkawarin mazaɓa, ku fara tambayarsa wacce daga ciki. A nan wasu kan fara inda-inda.

Me ya sa Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi muke raba wakili ɗaya, alhali Gwaram ita kaɗai tana da nata?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci wa mutanenmu tuwo a ƙwarya, kuma amsarta ba ta da daɗin ji. Kundin ba yawan ƙananan hukumomi yake ƙirgawa ba, kawunan mutane yake ƙirgawa. Sashe na 72 ya ce a yi ƙoƙari kowace mazaɓa ta kusanci kason da zai fito in aka raba yawan jama'a da yawan kujeru, yankunan su kasance a manne da juna, kuma kada mazaɓa ta tsallaka jiha biyu. Saboda haka ƙananan hukumomi huɗu masu ƙarancin jama'a za su iya zama kujera ɗaya, kamar yadda Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar da Gagarawa su ma suke, ita kuwa mai yawan jama'a ta tsaya ita kaɗai, kamar Gwaram ko Bichi.

In ka ɗauki ƙidayar 2006, mutum miliyan 140 da 'yan kai ka raba su gida 360, kowace kujera za ta tashi da kusan mutum dubu 390. Kano mai miliyan 9.4 da kujeru 24, da Jigawa mai kusan miliyan 4.4 da kujeru 11, duk ba su yi nisa da wannan kason ba. Ashe ke nan a tsakanin jihohi ba a cuce mu da yawa ba, duk da abin da ake faɗa a wajen kamfe. Karkatar tana cikin gida. A waccan ƙidayar ƙaramar hukumar Nasarawa a birnin Kano ta kusa mutum dubu 600, Tarauni kuwa ba ta kai dubu 250 ba, amma kowacce wakili ɗaya take turawa Abuja. Ƙuri'ar mutumin Tarauni ta ninka ta mutumin Nasarawa nauyi, kuma unguwannin nasu tafiyar adaidaita ce tsakani.

Abin da ni nake ganin kundin bai duba sosai ba shi ne faɗin ƙasa. Wakilin da ke cikin birni zai zaga mazaɓarsa tsakanin hantsi da azahar. Namu kuwa, in zai shiga kowane lungu na ƙananan hukumomi huɗu da damina, sai ya yi mako yana tura mota a taɓo. Hakan ba hujja ba ce ga wanda ba ya zuwa ko da rani, amma gaskiya ce.

An ce doka ta ce duk shekara goma a sake duba iyakokin. Me ya hana?

A nan ne maganar take da ƙashi. Iyakokin da muke zaɓe da su yau tun 1996 aka shata su, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, ƙarƙashin hukumar zaɓen wancan lokaci da ake kira NECON, bisa ƙidayar 1991. Yaron da aka haifa a waccan shekarar, yanzu magidanci ne da 'ya'ya, garuruwa irin su Ungogo da Kumbotso sun tumbatsa har birni ya haɗiye su, amma taswirar tana nan yadda aka bar ta.

Dalili na farko yana cikin lafazin dokar kanta. Sashe na 73 bai ce dole a yi duk shekara goma ba. Cewa ya yi a riƙa dubawa da tazarar da ba ta gaza shekara goma ba. Ka ga ya kafa ƙasa bai kafa sama ba: shekara tara ta yi kaɗan, amma shekara talatin ba ta karya harafin dokar ba. Wannan 'yar kafar ita ce irin gyaran da ɗan majalisa na gaske zai iya kawowa, a sa wa'adi a ce in ya cika dole a yi.

Na biyu, ƙidaya. Ba a sake ƙirga mu ba tun 2006, wadda aka shirya a 2023 kuma aka ɗage ta. Kowa ya san ƙidaya a Najeriya ba lissafi ba ne kawai, fagen dambe ne tsakanin Kudu da Arewa, tsakanin Kano da Legas.

Na uku shi ne wanda ba a cika faɗa a rediyo ba. Waɗanda za su amince da sabuwar taswira su ne waɗanda kujerunsu za su motsa. Onarabul ɗin da ya shekara goma sha biyu yana gina jama'arsa, ya san kowane dagaci da kowane shugaban jam'iyya na akwati, ka ce ya ɗaga hannu a yanke masa ƙaramar hukumar da ya fi samun ƙuri'a a haɗa ta da ta maƙwabcinsa? An ba kura ajiyar nama. Ba zagi ba ne, tsarin ne ya zo haka, kuma ko ni aka sa a kujerar ban san me zan yi ba.

To a ƙara kujerun mana, a ba kowa nasa?

Adadin 360 a rubuce yake a sashe na 49. Muddin yana nan, duk kujerar da aka ba wani yanki daga hannun wani aka karɓe ta. Ƙara adadin kuwa sai an gyara kundin tsarin mulki, kuma sashe na 9 ya tsaurara: kaso biyu bisa uku na dukkan sanatoci, kaso biyu bisa uku na dukkan 'yan Majalisar Wakilai, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince, kafin a kai wa shugaban ƙasa. Ba abin da ba ya yiwuwa ba ne. Ta wannan hanya aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25 a 2018. Amma wancan gyara bai ɗauki kujerar kowa ba ranar da aka yi shi.

Kano na da ƙananan hukumomi 44 amma 'yan majalisar jiha 40. Ina huɗun suka shiga?

Sashe na 91 ya ce majalisar jiha ta ninka kujerun jihar na tarayya sau uku ko sau huɗu, amma kada ta gaza 24, kada ta wuce 40. Kano da kujeru 24, ko sau uku aka ninka 72 ke nan, sai rufin 40 ya tare ta. Shi ya sa Kura ke tarayya da Garun Malam, Shanono da Bagwai, Rimin Gado da Tofa, Tsanyawa da Kunci. Mutanen waɗannan wurare ko wane Onarabul suka tura, ba za su samu kujera ta 41 ba sai an taɓa sashe na 91.

Jigawa kuwa labarinta daban ne, kuma a nan akwai abin kamawa. Ƙananan hukumomi 27, kujeru 30, saboda Babura tana da ƙarin Kanya, Gwaram tana da Fagam, Kafin Hausa tana da Bulangu. Amma ka ninka 11 sau uku, 33 za ka samu. Wato bisa lissafin kundin da kansa, akwai gurbin kujeru uku aƙalla. Wannan ba ya buƙatar gyaran kundi, yana buƙatar INEC ta yi awo ne majalisar tarayya ta amince. Da ni ne mai ba wakilanmu na Jigawa shawara, da a nan zan ce su haɗa kai su matsa, maimakon alkawarin da ba na hannunsu ba. Sai dai ranar da aka ce ga kujeru uku, rigimar wa za a ba ta fi ta nemansu zafi.

In ba shi ke yanka mazaɓa ba, mene ne aikinsa a harkar zaɓe?

Babba ne, ya fi yankan mazaɓar ma. Shi ke rubuta ƙa'idar wasan. Dokar Zaɓe majalisar tarayya ce ke yin ta, kuma ba ta daɗewa ba a taɓa ta ba: an yi ta 2002, ta 2006, ta 2010, ta 2022. Kowane ɗan majalisa yana da ikon kawo ƙudirin doka. Za a yi masa karatu na ɗaya, a yi na biyu inda ake muhawara, a tura wa kwamiti, kwamiti ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, a dawo a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku. In dattawa da wakilai suka saɓa, a kafa kwamitin daidaitawa. Shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisun biyu za su iya tsallake shi da kaso biyu bisa uku, kamar yadda suka yi wa Obasanjo a 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta.

Yadda aka haifi dokar 2022 ya isa darasi. A 2018 an kai wa Shugaba Buhari gyaran dokar zaɓe sau da dama yana mayar da shi, na ƙarshe a watan Disamba ya ce zaɓe ya ƙarato. Ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Yulin 2021 Majalisar Dattawa ta rabu kan tura sakamako ta na'ura, 52 suka ce sai hukumar sadarwa ta NCC ta tabbatar akwai sabis sannan majalisa ta yarda, 28 suka ce a bar wa INEC. Jama'a suka yi caa, zuwa Oktoba majalisar ta janye. A Disamba Buhari ya sake ƙin sa hannu saboda an tilasta wa jam'iyyu 'yar tinƙe kaɗai. Aka mayar da zaɓi uku, 'yar tinƙe ko daliget ko masalaha, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairu 2022.

Kada wani ya ce wannan maganar 'yan Abuja ce. A 2015 mun yi layi an tantance mu da na'urar karanta kati, amma da aka je Kotun Ƙoli ta ce tunda na'urar ba ta cikin Dokar Zaɓe, ba za ta ture rajistar takarda ba. Sai a dokar 2022 aka ba tantancewa da na'ura gindin zama, aka zo da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS. Layi ɗaya a takarda shi ya bambanta na'urar da alƙali zai saurara da wadda zai kawar da kai. Hujjar masu cewa babu sabis a karkara kuma da sunanmu aka kafa ta, mu mutanen ƙauye, ba tare da an zo an tambaye mu ba.

Wa ke naɗa shugabannin INEC? Majalisa na da ta cewa?

Shugaban ƙasa ke zaɓo shugaban hukumar da kwamishinoninta na ƙasa 12 da kwamishinan kowace jiha, Majalisar Dattawa ta tantance. Wa'adinsu shekara biyar. Cire shugaban hukumar sai da goyon bayan kaso biyu bisa uku na dattawan. Tantancewar takan zama "rusuna ka wuce", amma ba kullum ba: a 2021 dattawa sun ƙi amincewa da Lauretta Onochie, hadimar Shugaba Buhari. Ɗan majalisar wakilai ba ya cikin tantancewa, amma kasafin kuɗin hukumar ta hannunsa yake bi, kuma kwamitinsa na iya kiran shugabanta ya yi bayani.

Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2007 ya kuma miƙa rahoto a ƙarshen 2008, ya ba da shawarar a cire zaɓo shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa a ba majalisar kula da harkokin shari'a ta ƙasa ta tace masu nema. Ya kuma ce a rage wa INEC kaya, a kafa hukuma ta daban mai shata iyakokin mazaɓu, da wata mai hukunta masu laifin zaɓe. An ɗauki wasu shawarwarin a gyaran 2010, kamar ba hukumar kuɗinta kai tsaye daga asusun tarayya. Ta shata iyaka kuwa aka bar ta a takarda.

Shi kuma namu na Dutse ko na Kano, ɗan majalisar jiha fa?

Iyakar mazaɓarsa ma ba a zaurensu ake amincewa da ita ba, a Abuja ne. Ikonsa yana kan zaɓen ƙananan hukumomi. Gwamna ke naɗa shugabannin hukumar zaɓen jiha, KANSIEC a Kano, JISIEC a Jigawa, majalisar jiha ta tantance su, ita ke yin dokar da suke aiki da ita, ita ke yanka wa'adin ciyaman da kansila. Rajistar masu zaɓe dai ta INEC suke amfani da ita. Kowa ya san yadda zaɓen ƙananan hukumomi ke ƙarewa a kusan kowace jiha: jam'iyyar gwamna ta share kujeru tas. Shi ya sa ake ta kiran a mayar da zaɓen hannun INEC. Hakan gyaran kundi ne, dole ya ratsa majalisun jihohi 24, kuma a nan irin waɗannan gyare-gyare ke mutuwa. A zagayen da aka kammala a 2023, cikin ƙudurori 44 da aka tura wa jihohi, na cin gashin kan ƙananan hukumomi bai samu adadin ba. Sai Kotun Ƙoli ce a ranar 11 ga Yuli 2024 ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantoma ba ya kan doka. In kuna son auna ɗan majalisarku na jiha, ku tambaye shi ina ya ɗaga hannu ranar da aka kawo irin wannan ƙudiri zaurensu.

Sabuwar ƙaramar hukuma fa? An ce in mun samu, mazaɓa za ta biyo baya.

Ba lallai ba, dubi Tofa da Rimin Gado. Hanyar kuma doguwa ce a sashe na 8: buƙata daga kaso biyu bisa uku na wakilan yankin, zaɓen raba gardama, amincewar ƙananan hukumomin jihar, kaso biyu bisa uku na majalisar jiha, sannan majalisar tarayya ta shigar da sunan cikin kundi. Legas ta ƙirƙiro 37 a 2003, Kotun Ƙoli ta ce ba su cika ba sai majalisar tarayya ta yi nata. Har yau 774 ake ƙirgawa.

Mu mata akwatinmu ya yi nisa, ga goyo ga rana. Wa za mu kai wa kuka?

Hajiya, wannan ya fi duk sauran sauƙi, domin ba ya buƙatar majalisa. INEC ce ke kafa rumfunan zaɓe, kuma a 2021 ta ƙara su daga 119,974 zuwa 176,846, karo na farko tun 1996. Da yawa daga cikin sababbin suna nan da mutane ƙalilan, saboda jama'a ba su mayar da katinsu can ba. Ki fara bincika ko akwai sabuwa kusa da ku. In akwai, lokacin da aka buɗe rajista sai ku je ofishin INEC na ƙaramar hukuma ku nemi sauyin rumfa. In babu, mai unguwa da dagaci su rubuta wa jami'in zaɓen ƙaramar hukuma, a ba Onarabul kwafi ya bi sawu.

Karɓa-karɓar da muke yi tsakanin ƙananan hukumomi, doka ce?

A'a. Yarjejeniyar dattawa da 'yan jam'iyya ce. Babu kotun da za ta hana mutum takara don ba layin garinsu ba ne.

Ya za mu yi muryarmu ta isa can? In kuma ya yi kunnen ƙashi?

Ku rubuta. Kukan gindin bishiya a gindin bishiya yake kwana. Ƙungiyar ci gaban gari za ta iya rubuta takardar koke, ta faɗi ƙauyukan da abin ya shafa, nisansu da yawan masu rajista a akwatunansu, a sa hannu, a ba wakili ya gabatar a zaure, a kai kwafi ofishin INEC na jiha, a riƙe wanda aka buga wa hatimi. Lokacin gyaran kundi kwamitocin majalisa kan fito shiyya-shiyya jin ra'ayi, kuma ba a hana mai rawani ko mai gatari magana ba, sai dai wanda ya zo da takarda shi ake sakawa a rahoto. Ku kuma bambance abu biyu in ya dawo gida yana ba da labari. Ƙudirin jan hankali, wanda ake cewa "majalisa ta yi kira ga INEC", shawara ce, hukumar na iya ajiye ta. Ƙudirin doka shi ne mai haƙora. Ku tambaye shi wanne ya kawo, kuma karatu na nawa ya kai.

Kiranye yana nan a sashe na 69 ga na tarayya, na 110 ga na jiha: fiye da rabin masu rajista a mazaɓar su sa hannu, INEC ta tantance sa hannun, a yi zaɓen raba gardama cikin kwana 90. Fiye da rabin masu rajista fa, ba na waɗanda suka fito zaɓe ba, alhali a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. An gwada a kan Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma a 2018, da aka zo tantance sa hannu waɗanda aka tabbatar ba su kai ko kashi 10 cikin 100 ba, maganar ta mutu a nan.